Rasuwar Injiniya Nazifi Ɗanjuma da Amanar da Ya Bari a Ɗakinsa

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Hidimar Maƙabartu ta Badarawa, Rigasa da Kinkinau, a ƙarƙashin Shugabanta, Sheikh Adamu Mubarak, tana sanar da samun labarin rasuwar mai ba ta shawara kan harkar na'ura, Injiniya Nazifi Ɗanjuma, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talatar da ta gabata bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya zo mana ne a lokacin da tsofaffin masu haƙar kabari suke ƙarewa, kowannensu yana tafiya da sanin inda aka kwantar da wane. A wata damina aka sara wuri a tsohon sashe, ana zaton fili ne, sai ga likkafani bai gama ruɓewa ba. Wanda ya riƙe digar ran nan bai sake dawowa aiki ba. Injiniya Nazifi ya ji labarin a masallaci, ya gina mana manhajar da ke nuna kowane kabari, da mai shi, da shekarar da aka rufe shi, bai karɓi komai ba.

Da aka ga manhajar tana aiki a kwamfutar Badarawa amma tana ƙi a ta Rigasa, sai ya naɗe ta tare da duk abin da take buƙata a cikin abin da masu sana'arsa ke kira kwantena, ta yadda ko a wace na'ura aka sauke ta, halinta ɗaya. Duk lokacin da ya yi gyara, yakan rufe sabon samfuri, ya sa masa lamba, ya ajiye a rumbu namu na kanmu wanda ba mai shiga sai da izini, daga nan ofisoshinmu ke janyowa. Ya ƙi ɗora shi inda kowa zai iya ɗauka, yana cewa taswirar matattu ba kayan kasuwa ba ce. Bai taɓa goge tsohon samfuri ba, domin idan sabo ya ba da matsala a koma na baya kafin masu gawa su iso. Yakan zolayi dattawan kwamiti cewa su ma tsofaffin samfura ne, ba a jefarwa. Tun rasuwarsa ba wanda ya sake tsayawa a ƙofar ofishin sakatare don hira kamar yadda shi ya saba.

Ya zama dole mu faɗi abin da ke damunmu, duk da sanin cewa makoki bai tashi ba. Rumbun nan yana cikin wata baƙar na'ura a ɗakin marigayin, domin gidansa ne ke da hasken sola mai ɗorewa, kuma a cikinta ne kwafin bayanan kaburbura yake. Bisa al'ada, an kashe kayan wuta an kulle ɗakin har a zo rabon gado, kuma ba mu ga laifin kowa ba. Sai dai kwamfutar Rigasa ta ƙone a ruwan ranar Alhamis. An kawo wata, ta nemi rumbun, shiru. Mun dakatar da haƙa a tsohon sashen Rigasa, sabon sashen kuwa ya kusa cika, gawa kuma ba ta jira.

Don haka muna roƙon babban wansa, Alhaji Ahmad Ɗanjuma, da a buɗe ɗakin a gaban shaidu, a kunna na'urar, kada a goge ta ko a sayar kafin a kwashe abin da ke ciki. Ƙarfen na'urar na magada ne, ba mu da haƙƙi a kansa. Muna kuma kira ga abokan sana'arsa da suka san aikin kwantena su zo su taimaka a mayar da rumbun ofishinmu.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mahaifiyarsa, Hajiya Ladidi, da mai ɗakinsa, Malama Fadila, da 'yarsa Umaima, da dukkan dangi. Allah Ya ba su haƙuri da juriya, Ya tsaya wa marainiyar da ya bari, Ya gafarta masa, Ya yalwata makwancinsa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, amin.

An rufe shi a Rigasa, gabas da bishiyar darbejiya, kusa da katanga. Har yau kabarinsa bai shiga manhajar da ya gina ba. Mun dasa dutse a wurin, mun kuma rubuta shi a nan, domin mu da muka tsaya a kansa ba yara ba ne, kada mu ma mu tafi da sanin wurin.

Sa hannu:
Malam Zakariyya Nuhu Badarawa
Sakatare kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiya