Na Auna Gidan da Takalmanka

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da na zauna a ƙarƙashinta shekara talatin da biyu, rijiyar da ban taɓa zura guga na ɗago shi wayam ba, mijina, malamina, uban 'ya'yana.

Ina gaishe ka da jiki. Yaya ƙugun? Ka yi haƙuri da rubutun nan, layin sai gangarowa yake yi. Ba laifin malami ba ne, laifin ɗalibar ne. Kullum ina zuwa asibiti da magana cike da bakina, sai in tarar da Babba, 'yarmu ta fari, a gefen gadonka, ga maƙwabcin gadonka ya kafa kunne. Sai in ce maka, ka ci abinci? In haɗiye sauran. Jibi Alhamis za a sallame ka, kuma likita zai tambaye ka inda za a kai ka, gidanka ko gidan Babba.

Ka san abin da take cewa. "Umma, tayil ɗin gidan nan ya fi bayan kifi santsi. Mutumin da jiri ya kayar ba zai zauna a nan ba. Gidana kafet ne daga bango zuwa bango." Gaskiya take faɗa, kuma don son ka take faɗa. Amma gidanta sai an hau mota biyu, ni kuma ba zan bar Auta da yayarta suna tsakiyar karatu in bi ka ba. Idan ka tafi can, yaushe za ka dawo? Wa zai juya maka matashi ta wajen sanyin? Wa ya san cewa ba ka iya tashi daga kujera sai ka fara yin gyaran murya? Ni kuwa in zauna da wa?

Shi ya sa na ce zan shimfiɗe gidan nan ɗaki ɗaki, yadda ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da za ka riƙa dogarawa ba zai sami abin kamawa ba. Matar mai shimfiɗa kafet ce ni, ai ba zan kasa ba. Haka na ce.

Kana tuna yadda kake auna ɗaki? Tef yana aljihunka, ba ka fito da shi. Ka goya hannu a baya, dunduniya a bakin yatsa, dunduniya a bakin yatsa, kana ƙirgawa ƙasa-ƙasa, yara sun yi layi a bayanka suna kwaikwayonka. Takalmi goma, takalmi sha biyu. Har Dogo, abokin aikinka, ya kafa ƙusa biyu a teburin shago daidai tsawon takalminka, da su yake yanka. Kana tuna kuma guntayen kafet da kake kawo mini, ka juya bayansu ka zana mini haruffa da alli, ina da shekara arba'in da huɗu? Ranar da na fara rubuta sunanka ka ce, "Ashe haka nake da karkata." Na yi fushi, ka naɗe guntun kafet ɗin ka kai shago ka rataye. Ya hasken gidana, da waɗannan haruffan naka nake roƙonka yau.

To, na auna gidan kamar yadda kake yi. Na rubuta a takarda da hannuna, falo takalmi sha takwas, lungun banɗaki sha biyu, ɗakinmu kaza, na aika wa Dogo ina ta jin kaina. Ban tsaya na dubi ƙafata ba. Da silifas ɗina na auna, shi kuma ya yanka da ƙusoshinka.

Da aka kawo na falo aka warware, sai ya hau bango, tsakiyarsa ta yi tudu-tudu kamar kogi ya cika. Na lungu ya shige banɗaki ya naɗe a bakin ƙofa. Ina tsaye ina kallo sai ga Babba ta shigo da kwanukan asibiti, ƙafarta ta kama tudu ɗaya, sai da ta dafa bango. Ta dube ni ta ce, "Umma, ƙarasa shi za ki yi?"

Wasa take yi, ko rabin wasa. Ni kuwa sai na zauna a kan tudun. Don akwai abin da ba ta sani ba, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan.

Ba jiri ne ya kayar da kai ba. Ni ce.

Ka yi kwana biyu kana cewa sanyin tayil yana shiga maka tafin ƙafa idan ka sauko daga gado da safe. Sai na ɗauko 'yar dardumar nan ja mai sulɓi, wadda ka ba ni shekarar da aka haifi Babba, na shimfiɗa maka a gefen gado. Sau nawa na ji kana gaya wa masu saye kada su ɗora ƙaramar darduma a kan tayil in ba roba a ƙasanta? Sau ɗari. Na sani, na ce ai na kwana ɗaya ne. Ina kicin na ji ƙarar. Na tarar da kai a ƙasa, dardumar ta tsere har ƙarƙashin durowa. Kafin maƙwabta su shigo na jawo ta na cusa a bayan buhun gawayi. Kana kwance kana nishi, ni ina ɓoye darduma. Wannan ya fi faɗuwar ci mini rai.

A asibiti likita ya tambaye ka, ka ce, "Jiri ne ya ɗebe ni." Tun ranar suke ta aunawa suna neman jirin da babu shi, suna ƙara maka ƙwaya, Babba kuma ta riƙe kalmar ta hana ka gidanka. Ni ina zaune a bakin gado na yi shiru. Abin da ke hana ni sukuni shi ne ban san wanne ne ba. Ba ka ji abin da ya zame a ƙarƙashin ƙafarka ba, kai da ka shekara talatin kana taka kafet kana faɗin irinsa ido a rufe? Ko ka ji, ka rufa mini asiri? Idan ba ka sani ba, ina tsoron fuskarka bayan ka karanta. Idan ka sani, ina tsoron shirun da ka yi mini kwana goma sha tara. Ka gaya wa likita gaskiya, don Allah, su daina ba ka maganin ciwon da ba ka da shi. Babba kuma ni zan gaya mata da bakina gobe. Ta faɗi abin da za ta faɗa, na cancanta.

Yanzu ka ji abin da na yi bayan ta tafi. Na ɗauko takalmanka baƙaƙe na aiki, na cusa tsumma a bakinsu don kada su fice, na sa. Na goya hannu a baya. Dunduniya a bakin yatsa. Auta ta leƙo ta ce, "Umma, saura gyaran murya." Ta yi dariya, sai kuma ta ga fuskata ta koma ɗaki. Falo ya fito sha huɗu, lungu tara da rabi. Washegari Dogo ya rufe shago ya zo da tef da wuƙarsa, ya auna, ya ce, "Matar Yaya, ko yatsa ɗaya ba ki kuskure ba. Da farko na ɗauka gidan ne ya kumbura."

Ga yadda gidanka yake yanzu, ka duba mini kamar yadda kake duba aikin Dogo. A falo na naɗe tsohon kafet ɗin nan mai gashi mai laushi, don ƙafar ƙarfe za ta nutse a cikinsa, na ba 'yan mata a ɗakinsu. Wanda ke wurin yanzu gajeren gashi ne, mai nauyi, ya kai bango ta kowane gefe, duk ƙafafun kujeru suna kansa. A ɗakinmu ya shige ƙarƙashin gado gaba ɗaya, gadon ne ya danne shi, ya fito ta gefenka har bakin ƙofa. Za ka sauko a kan ɗumi, kuma ko giwa ta taka ba zai motsa ba. Na lungu dogo ne siriri, falle ɗaya babu haɗi, an manne shi da gam. A banɗaki roba ce mai huji-huji mai kama ƙasa. Kicin na so in sa wani abu, Dogo ya hana, ya ce mai zai zuba, ruwa zai zuba, a bar shi haka, kuma a hana ka shiga. Na ce shekara talatin da biyu ban taɓa ganinka a ciki ba.

Duk da haka ban yarda da idona ba. Na durƙusa na bi bakin kowane kafet da tafin hannu, ina neman inda ya ɗaga. Na ja kujerar roba a gabana kamar ƙarfenka, daga gado zuwa banɗaki, sau bakwai. Wuri ɗaya ne, inda na ɗaki ya haɗu da na lungu, nake jin kamar akwai ɗan tudu. Dogo ya ce babu. Auta ta ce babu. Ni ina ji. Wataƙila a cikin ƙirjina yake. Ƙafarka ce kaɗai za ta raba mu.

Ya ruwan farko bayan dogon rani, ya wanda muryarsa ke sa gidan nan ya zama gida, ba na ce ka yafe mini kafin Alhamis ba. Ka zo ka yi fushin a kujerarka. Ka ƙi yi mini magana wata guda, in dai zan ji gyaran muryarka daga kicin. Idan kuma ka ga gidan Babba ya fi maka aminci, ka tafi, ƙashinka ya fi kewata muhimmanci. Zan hau mota biyun kullum har ƙafata ta gaji, ba zan ce komai ba.

Na ba Dogo wasiƙar nan tare da takalmanka a leda. Na cire tsumman, na goge su. Idan can za ka, ka ba shi ya dawo mini da su, zan gane, ba sai ka faɗa a gaban yara ba. Idan gida za ka zo, ka riƙe su. Daga bakin ƙofa zuwa kujerarka takalmi shida ne, na taka maka su, babu abin da ya zame.

Zan tsaya a taga gobe in ga hannun Dogo, ko da leda ko babu.

Taka tun kafin in iya rubuta sunanka, taka ko ledar ta dawo,

Uwar 'ya'yanka.