Zagayen da Fiddausi Ba Ta Ƙarasa Ba

Zuwa ga Yaya Sharfuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Kano, Allah Ya ƙara maka haƙurin rashin Fiddausi, Ya haskaka makwancinta a Baƙi'a. Mu nan unguwar Khalidiyya a Madina lafiya lau, maigidana Abdulrauf ya koma aiki, ni ma ina zuwa saidaliyya, kantin maganin da nake aiki, kullum. Sai dai Yaya, raina a ɓace yake, kuma da kai nake.

Ka tuna ranar ta'aziyya, da ka miƙa wa 'yata Sundus keken 'yarka, ka ce ta ƙarasa mata tserenta? Kai ka faɗa don sanyaya zuciya, ka hau jirgi ka tafi. To magana zarar bunu ce. Ba ka taɓa zama ka kalli wasan nan ba, bari in bayyana maka. Mata biyu ne ke hawa filin katako mai gangare, a kan keke marar birki. Ba da gudu suke farawa ba, rarrafe suke yi kamar masu fakon juna, ta gaba tana waiwaye, tana jiran ta baya ta zabura. Wadda ta ci sau biyu ita ke da nasara. A karawar Sundus da Fiddausi ta ƙarshe kowacce ta ci ɗaya, sannan zazzaɓin nan ya kwantar da Fiddausi kafin a raba gardama.

Watan jiya na raka Sundus gasar ƙasashe. Abokiyar karawarta ta zabura, ta wuce ta a gaban idon kowa, ita kuwa Sundus ta tsaya cak a kan keke, ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba, tana kallon bayanta, inda babu kowa sai katako. Da na tambaye ta, ta amsa mini da Larabci kamar yadda 'ya'yan nan suka saba, wai Fiddausi ba ta taso ba tukuna, kuma ba a barin abokiyar tsere a baya. Yanzu ko a hanyar Harami haka take tafiya, wuya a karkace. Ta rame. Likita ya ce baƙin ciki ne, ya rubuta magani, ni na haɗa mata da hannuna.

Ka san ni, na yi karatu, ba na ɗaukar camfi. Amma ran Talata bayan azahar, rana ta kori kowa daga titi, muna kicin ni da Sundus, sai na ji ƙarar taya daga soro, inda keken Fiddausi yake kan abin atisayensa. Sannu a hankali, irin ta masu fako. Na hau. Babu iska, babu mage. Tayar baya tana juyawa, fedar ma tana bin ta. Sirdin da ɗumi, zan iya cewa rana ce, amma a inuwa yake. Da na sauko, Sundus ba ta tambaye ni komai ba, ta dai ajiye wuƙa ta ɗauko takalminta.

Mako mai zuwa za ta sake tafiya gasa, kuma ta rantse wannan karon ba za ta jira ba, duk inda Fiddausi ta nufa za ta bi ta. Ni da kai mun san inda Fiddausi ta nufa. Na yi faɗa, na yi addu'a, ta ce ba ni na ɗora mata amanar ba. Saboda haka ka kira ta yau, ba gobe ba, ka ce mata a matsayinka na uban Fiddausi ka yafe tseren, an tashi kunnen doki, khalas, shi ke nan. Ka binne ɗaya, Yaya. Ni ba zan ba da ta biyu ba.

Ka gaishe mini da Sara da Khadijatul Kubra, da Inna idan jikin ya yi sauƙi, amma kar ka karanta mata wannan. Ina zaune kusa da waya, na juya wa matakalar soro baya, kuma ina ƙoƙari kar in waiwaya.

Ƙanwarka,
Zulaiha, Madina