Mai Tari a Faifanka

Ɗana Timofei,

Gaisuwa daga birnin Turku. Yaya sanyin Saratov, yaya ƙafar goggonka Zoya? Ni lafiya lau. Tsohuwar da nake jinya ba ta da nauyi sosai, bayana ne kawai ke ƙorafi.

Faifan wasanka da ƙungiyar makaɗa ya iso. Na kunna mana, har tsohuwar ta ce, "Raisa, ashe kin iya haihuwa." Sai na ɗauko tsohon faifan mahaifinka mai wannan kiɗan, na saurare su bi da bi, sau uku. A kashi na biyu na faifan mahaifinka, inda fiyano ke yin ƙasa-ƙasa, wani mutum ya yi tari sau biyu. A naka ma ya yi, daidai wurin. Na mahaifinka kuwa an ɗauke shi tun ba a haife ka ba.

Timofei, kana zuwa makarantar kiɗan nan kuwa? Ban raine ka da ƙarya ba. Na san hannunka na hagu, kullum sai ya makara a kan fiyano. Ka aiko mini faifan da ya makara a ciki, shi nake son ji.

Allah ya shirye ka.

Mahaifiyarka,
Raisa