Ɗigon Tungan Sheshi

Litinin, 7 Maris 1994

Ƙungiyar manoman Gwada na son share hanyoyin da za su haɗa ƙauyuka sha biyu a riƙa fito da doya, amma jimillar hanyar ta zama mafi gajarta. Da fensir da rula na zana musu a kwana biyu. Shekara talatin na yi ina aikin ƙididdiga, aka sallame ni da agogon bango. Yau kuma shugabansu, Alhaji Ndanusa, ya ce sai Esta, 'yar marigayi Andrawus, ta ba kwamfuta ta duba. Litinin mai zuwa za su zaɓi nawa ko nata. Yarinyar da na je sunanta.

Laraba, 9 Maris

Na je ofishinta. Ta buga layi uku, hoto ya fito: kowane ƙauye ɗigo, layuka sun haɗa su kamar rassan bishiya. Daidai da nawa, ban da Tungan Sheshi. Ni na maƙala ta da Gwada, mil huɗu. Nata ya wurga ta can ƙuryar takarda, a bakin wani dogon reshe. Na ce wannan shirme ne, arewa ma ba ta sama. Ta ce, "Baba, ai ba taswira ba ce, nisa kawai yake zanawa." Wai daga mitar awon tafiya ta masu babur ta samo nisan. Masu babur.

Alhamis, 10 Maris

Ta tambayi shekarar taswirata. Na ce ƙasa ba ta tsufa. 1971 ce.

Asabar, 12 Maris

Na hau mota zuwa Tungan Sheshi don in rufe mata baki. A mil huɗu ɗin na tarar da kuka ɗaya, fasassun tukwane, sai ruwa iya ganin ido. Wani tsoho mai ɗinkin koma ya ce, "Malam, Tunga ai ta tashi tun da ruwan dam ya ci gonaki. Da sunanta ta tafi." Mil sha bakwai yanzu. Kowa ya sani, har akuyoyi. Da an bi zanena, kifi za a share wa hanya, doyar mutane ta ruɓe a gona.

Ƙafa ta kumbura.

Litinin, 14 Maris

Alhaji ya riƙe takardarta a juye yana neman garinsu. Ya ce wanne za a bi? Na ce nata, ya fi tsabta, inji ne ya buga. Esta ta dube ni, ta rufa mini asiri. Ta gado ubanta a nan.

Laraba, 16 Maris

Rana ce ta kora ni ofishinta, akwai fanka. Ashe in ka manta waƙafi ɗaya, injin ba ya zana komai. Sau shida na gwada, sau shida na manta. Ta ce in dawo Juma'a ƙarfe goma. Ban ce zan zo ba. Tabarau dai na kai gyara.