Kwanon Idi Mai Ɗigon Jan Fenti

Zuwa ga matarmu Binta, a Ringim.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ki yi mini aikin gafara da na ɗora miki nauyin wannan takarda, ga tsawo, ga abin da ke cikinta. Na san sai kin nemi wanda zai karanta miki. Malam, ko wane ne kai, don girman Allah ka karanta mata duka yadda na rubuta, kada tausayi ya sa ka tsallake layi ko ka sassauta magana.

Ina gaida Inna. Ina gaida Hadiza, na ji an ce ta shiga izu biyu, Allah ya sa albarka.

Binta, sau uku kina aiko da tambaya a kan tarin mijinki, tun da alhazan bara suka koma suka ce miki sun ga ya rame. Sau uku ina amsa miki da cewa da sauƙi. Ta ukun ce ta fi ci mini rai, don a cikinta kika ce kawunki ya yi miki tayin kujerar Makka bana, kina shawara ko ki zo, ko ki bari sai baɗi in Hadiza ta ƙara wayo. Na ce ki bari sai baɗi.

Ban yi da niyyar ƙarya ba, Allah ne shaida. Haka muka tashi muka ga ana yi, ko mutum yana shure-shuren mutuwa, in an ce yaya jiki, sai a ce da sauƙi. Na tambayi Idi, ya ce da sauƙi, na ɗauka na rubuta miki. Amma kuma ina da ido, na ga yadda riga take yi masa yawa. Ba zan ɓuya a bayan al'ada ba.

Ga yadda na san gaskiya.

Tun watan Rajab Idi ya daina cin abinci da mazan gidanmu na Rusaifa. In an ajiye faranti sai ya ce ya ƙoshi, ya sa takalmi ya fita. Mutane suka fara magana, wai tun da ya samu shiga cikin masu ɗaukar tsofaffi a kan gadon ɗawafi yake ɗaga kai. Ni ma na yi masa faɗa, na ce ba haka Baba ya rene mu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, “To, Yaya.” Amma bai canza ba.

Kwana tara da saukowa daga Arfa, ina ta fama da wankin haramin alhazai, sai ga shi bayan azahar ya tsaya a ƙofa ya ce, “Yaya, sa mayafinki, yau ni zan ciyar da ke.” Kin san ni. Shekarata goma sha tara a garin nan ban taɓa zama na ci abinci a waje ba, ko dabino ban taɓa taunawa a hanya ba. Na ce masa ni ba yarinya ba ce. Ya ce akwai labule, ba mai ganina, kuma yana da magana. Jin yana da magana ya sa na bi shi.

Tafiyar da ba ta fi ta shan shayi ba, sau huɗu muna tsayawa ya dafa bango.

Wurin yana cikin wani lungu a Misfala, ƙasan gidan wasu Burmawa ne, wato mutanen ƙasar Bama inda mijinki ya yi yaƙi yana saurayi. Mai gidan tsoho ne siriri, ana ce masa Ammu Shakur. Shi yake kai wa mutane abinci, matarsa Hala Nuru da surukarsu suna ciki wajen murhu. Tebura huɗu ne gajeru, sai labule a can ƙarshe don masu zuwa da iyali. Da na shiga warin wani abu ya buge ni, kamar daddawa amma na kifi, na ja mayafi na rufe hanci, sai kuma na ji kunya na saki.

Kin san Idi ba ya zancen yaƙin nan, ko ke na tabbata bai ba ki labari ba. To a wurin nan na ga wani Idi daban. Yana zama ya ɗaga murya da Larabcinsa na kasuwa ya ce, “Ammu, kawo mini abincin maƙiya!” Tsohon ya fito yana dariya ba haƙori, ya ce mini, “Hajja, ƙanen nan naki bai iya harbi ba. Shekara biyu ina dafa wa waɗanda yake nema abinci, ko tukunyata bai samu ba.” Idi ya ce, “Da na samu, yau wa zai ba ni fate?”

Ashe sojan Jafan ne suka kama tsohon a garinsu suka sa shi girki dole, a nan ya koyi irin abincinsu. Ya nuna mini yatsunsa biyu da suka karkace, ya ce ranar da shinkafa ta kama ne suka karya masa su. Yana faɗa yana dariya. Ni ban iya yin dariyar ba.

Kafin a kawo komai na tambayi wa ya yi yanka. Tsohon ya ce, “Kifi ne, Hajja, Allah ya riga ya yanka miki.” Idi ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya juya baya ya daɗe.

Su ba sa haɗa hannu a faranti ɗaya kamar mu. Kowa da ƙananan kwanukansa. Ni aka kawo mini taliya siririya a cikin romon kifi, da lemon tsami da albasa soyayya da wani abu mai ƙaras-ƙaras kamar ƙosai. Wannan na Bama ne. Shi kuma aka kawo masa na Jafan ɗin, shinkafa da aka dafa har ta narke ta zama kamar kunu, an fasa ƙwai a kai, sai 'yar kokwamba mai gishiri a gefe da shayi kore ba sukari. Tsohon ya ce shi ake ba sojan da ya kwanta. Ba zan ɓoye miki ba, taliyar ta yi daɗi. Na sha romon har ƙasa, kuma har yau in na tuna na ji daɗin abinci a ranar nan sai na yi istigfari.

Ina cikin ci sai idona ya kai kan kwanon Idi. Akwai ɗigon jan fenti a gefensa. Na dubi cokalinsa, da ɗigo. Kofin shayinsa, da ɗigo. Na dubi nawa, babu, sai na ce a raina don ni baƙuwar yau ce, ba su riga sun ware mini ba. Na leƙa ta gefen labule, na ga na sauran mutane duk babu. Da ya gama kuma Hala Nuru ta zo da kanta, ta ɗauki nasa da tsumma, ba ta haɗa da nawa ba.

Binta, raina ya ɓaci. Mun sha gani a garin nan, a ce maka Takari, a matsa daga kusa da kai a sahu. Na ce ashe har waɗannan da suka zo gudun hijira kamar kowa, su ma ƙyamar baƙar fata suke yi, kuma ƙanena yana zuwa kullum yana yi musu dariya. Na ce zan wanke hannu, na bi matar ciki. Ni da ba na ɗaga murya, ranar na ɗaga. Na ce mata, ki ji tsoron Allah, ɗan Adam ne, a ƙofar Ɗakin Allah kuke.

Ta tsaya tana kallona da kwanon a hannu. Sai ta jefa shi cikin wata tukunya da ke tafasa ita kaɗai a gefe, ta ce, “Ke yayarsa ce?” Na ce ni ce. Ta ce, “Shi ya kawo fentin. Shi ya ɗiga da hannunsa.”

Ta ja ni bayan ƙofa ta nuna mini wani gwangwani mai yashi a ciki, wanda take ajiye masa a ƙarƙashin tebur. Ba sai na faɗa miki launin yashin ba.

Na ce, ai kullum na tambaye shi cewa yake da sauƙi. Ta ce, “Mu ma haka yake ce mana. Ku mutanen nan me ya sa kuke haka?” Ba da faɗa ta faɗa ba, tambaya take yi da gaske. Ta ce tarin fuka ne, ta san shi, shi ya ɗauki babban ɗanta a jirgin ruwa suna hanyar zuwa, aka sa shi a teku. Ta ce daga ranar da jini ya fara yawa haka, ɗanta bai cika wata huɗu ba. Ta ce, “Rai na Allah ne, ya ukti 'yar'uwata, amma in yana da mata, ku gaya mata yau.”

To kin ji girman kan da muka ce yana yi. Gudu yake kada ya sa hannu a farantin da yara suke sa hannu, kuma kunya ta hana shi faɗin dalili. Ya zagaye Makka har ya samu inda kowa ke ci a kwanonsa ba a tambayi dalili ba. Wata biyar yana haka, ni kuma ina yi masa wa'azi.

Da na koma bayan labule ya dubi fuskata ya gane. Ya ce, “Ta rigaye ni ke nan.” Na zauna.  Can ya ce a daren Muzdalifa ya faɗi da tsohuwar wani a kafaɗa, Allah ya kiyaye ba ta ji ciwo ba, amma sun sallame shi. Na ce mu je asibiti. Ya ce ya je wajen wani likita ɗan Hindu a ɓoye, an yi masa allurai, an ce ya makara, kuma babban asibiti sai da iƙama, takardar zaman da ba shi da ita.

Sai ya ce, “Yaya, Hadiza da wa take kama?” Na ce ina zan sani, ni ma ban taɓa ganinta ba. Ya ce yana goya ta a ransa kullum tana jaririya, ya kasa sa ta girma. Daga nan ya ce kada in gaya miki komai, in bari sai an yi, in rubuta cewa ya cika da kyau a Makka, mutane su yi miki barka. Maganar da ya kawo ni ya yi ke nan. Ban yi masa alkawari ba. Na yi shiru, ya ɗauka na yarda, wannan ma ina neman gafarar Allah a kai.

Yanzu yana ɗakina, na shimfiɗa masa kusa da taga. Na sallami 'yan matan da nake koya wa karatu. Hala Nuru tana aiko da faten nan kowace rana, cokali biyar yake sha, wani lokaci shida.

Hanya biyu ce, Binta, kuma ke ce mai haƙƙin zaɓi, tunda ni na riga na zaɓar miki sau ɗaya na cuce ki. Ko ya zauna a nan, in yi jinyarsa, in ajali ya zo a yi masa salla a Harami a kai shi inda kowane Musulmi yake roƙon a kai shi, amma ke da Hadiza ba za ku gan shi ba. Ko kuma ya miƙa kansa ga hukuma a Jidda a matsayin wanda ya wuce wa'adi, su tsare shi har a samu jirgi. Wasu mako biyu suke yi, wasu wata biyu, a ɗaki ɗaya da mutane da yawa. Yana iya isowa gare ki, yana iya cikawa a can. In ya iso ma, sai dai Hadiza ta tsaya daga bakin ƙofa ya gan ta.

Jiya na gwada shi, na ce da Binta za ta ce ka taho fa? Ya juya fuskarsa bango ya ce, “Da na tafi.”

Ba zai iya tafiyar shi kaɗai ba. Ni zan kai shi, kuma ni ma ba ni da iƙama, kin san abin da hakan yake nufi, ni ma tare za a tsare mu a maido mu gida. Kada wannan ya shiga lissafinki. Na yi ɗawafin da Allah ya rubuta mini.

Allah ya ba ki haƙuri da ƙarfin zuciya, ya sanya miki haske a abin da za ki zaɓa, ya sassauta wa bawansa Idrisu, ya raya Hadiza a kan alheri. Ki yafe mini in kin iya, in ba ki iya yanzu ba, ba zan ga laifinki ba.

Alhajin da zai kawo miki wannan ya san inda ake aiko mini da takarda ta gidan waya. Kada ki jira mai tahowa, kada ki jira a gama shawara da dangi duka. Kalma ɗaya ta isa, ya zo ko ya zauna. Don Allah ki amsa mini a makon da ta same ki.

Wassalam.

Yayarki,
Rabi'atu, Rusaifa, Makka.