Kuɗin Gyadar Yaya Turai

Litinin, 5 ga Nuwamba, 1951
An gama ɓarar gyada. Bayana kamar ba nawa ba. Mai unguwar Runka ya sake aikowa kan haraji.

Tun rasuwar Yaya Hamma matarsa Turai ke zaune gidan nan da 'ya'yansa uku, da man gyada da ƙuli take riƙe su. Ni ke sayar mata da gyadar, a kan abin da na kashe wajen noma kawai: iri, 'yan ƙodago, taki. Haka Yaya ya bari.

Alhamis, 8 ga Nuwamba
Na kai buhu biyu Batsari. Sammani mai sikelin kamfani ya ji yadda nake ba Turai, har da riƙe ciki don dariya. Wai, "Kai Mani, kuɗin gyada ba abin da ka kashe ba ne, abin da sikeli zai ba ka ne. Kowane kwano ka ba ta, ka yar da sisi."

Na yi ta juya maganar bisa jaki har gida. A lissafin Yaya ban ci ba, ban faɗi ba. A na Sammani faɗuwa nake tun bara. Gyada ɗaya, gona ɗaya. Kuma sisin nan, in an tara, ya biya haraji.

Litinin, 12 ga Nuwamba
Na gaya wa Turai daga yau sai kuɗin sikeli. Ta ce, "To, Malam Mani, an yi boko." Ta kwance bakin zane ta biya kuɗin sikeli cif. Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 14 ga Nuwamba
Miya ba mai. Matata Lami ta ce Turai na son kwabo kan kowane ludayi. Na sami Turai bakin murhu.

"Mi ya kawo ka, mai sikeli? Man ga, in na aika da shi kasuwa kwabo za a ba ni. Kowane ludayi na ba ka, na yar da kwabo. Ba haka lissafin yake ba?"

Ta saba tsokanata tun ina saurayi. Yau ba ta yi dariya ba.

Asabar, 17 ga Nuwamba
Ƙulin kwaɗon rama, na biya. Man fitila, na biya. Dusar gyada da tumakina ke ci, ita ma da kuɗinta. Lami ta sayi itace, don a da kan garwashin suyar Turai take ɗora tukunya. Ashe duk wannan ina ci, ban taɓa sa shi a lissafi ba. Sammani ma bai sa wunin da nake ɓatawa a hanya ba, balle abin da yake ragewa wai datti.

Haraji dai ya biyu.

Talata, 20 ga Nuwamba
Na gaji. Ba da aiki ba.

Juma'a, 23 ga Nuwamba
Kwana biyu ba suya, ba daka. Turai ta ce wa Lami a kuɗin nan man ba ya mayar da uwar kuɗi. Wan Turai ya zo daga Zakka bayan masallaci, mun gaisa kamar baƙi. Makon gobe zai dawo ya tafi da ita da yaran. 'Ya'yan Yaya su tashi gidan wani, ina raye! Raina ya ɓaci, ban san da wa ba. Wannan kuma ban san a wane lissafi ake sa shi ba.

Alhamis, 29 ga Nuwamba
Ban je Batsari ba. Jakin kamar yana ɗingishi. Buhu biyun da suka rage na jingine su ƙofar ɗakin Turai, rumbu ya cika ɓeraye.

Ta ce, "Nawa?"

Na ce yadda Yaya ya bari.

Ta leƙa turke. Jakin na ta harbin iska, ɗan banza. "Allah ya ba shi lafiya," in ji ta.

Da la'asar ƙamshin suya ya cika gida. Tuwo ya zo, mai na yawo bisa miya. Ban tambayi Lami ko an biya ba.