Murhun Baffa Maharazu

Zuwa ga ɗana Nu'uman,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Raihana da yara. Yaya gajiyar hanya, yaya aiki? Mu nan Sandamu sai godiya. An gama girbi, rumbu ya cika, Innarka tana gaishe ku.

Bayan haka, shekarar da rana ta yi husufi da hantsi har kaji suka koma akurki, a shekarar nan aka haɗa murhun ƙarfen da Innarka take dafa kalwa a kai. Kana karatu a Zariya, ba ka gani ba. Ni na sare ƙarfen na lanƙwasa zoben a maƙerata, ƙanena, baffanka Maharazu, ya ɗauka zuwa shagonsa a Daura ya ɗinke ƙafafun uku da injin walda. Kafin damina ta zagayo Allah ya karɓi abinsa. A duk gidan nan babu sauran aikin hannunsa sai wannan.

Shi ne ka zo hutun salla, ka tsuguna kana leƙensa kamar mai neman allura, ka ce a cire shi. Wai a tashar wutar lantarkin da kake aiki, bututun da ke ɗaukar tururi yana miƙewa a hankali saboda zafi da nauyi, shekara da shekaru ido bai gani, sai rana ɗaya ya saki. Na ji. A gaban matarka ban amsa ba, yanzu nake amsawa. Bayan tafiyarka na ƙwanƙwasa murhun da masaba ta kowane gefe, ya yi ƙara tas kamar ƙararrawa. Tun kafin a raba mu da jihar Kaduna nake sauraron ƙarfe, na san kukan mai ciwo. Wannan lafiyarsa ƙalau.

Ka yi haƙuri da ajamina, na san yana ba ka wahala. Ka gaida yara.

Mahaifinka,
Mati Maƙeri.

Zuwa ga ɗana Nu'uman,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yaya jikin ƙaramar, haƙoran sun fito? Allah ya raya ta. Nan lafiya, sai gwiwa da ke yi mini gardama in zan tashi daga sujada.

Takardarka ta iso, Malam Dabo liman ya karanta mini, na sa ya maimaita. Ka ce ba ɗinkin baffanka kake zargi ba. Ka ce a wurinku ma ɗinkin kan tsaya, ƙarfen da ke gefensa, wanda wutar walda ta lasa, shi ke fara gajiya. Na lura da ladabin da ka sa a maganar, Allah ya yi maka albarka. Amma na ɗauka lallashi ne irin wanda ake yi wa tsoho. Ka kuma ce ƙwanƙwasa ƙarfe yana sanyi ba zai faɗa mini abin da yake yi cikin wuta ba. To yanzu har kunnena za ka yi wa gyara?

Inda ka ce kana tsoron tukunya ta kife wa Innarka a ƙafa, nan Malam Dabo ya ɗago ya dube ni. Kai zan gaya wa, ba shi ba: rabin ganga ce cike da tafasasshen ruwa, wuni take a kan wuta, kuma na san wadda ke tsaye a gabanta tun kana goye. Ban fi ka rashin tsoro ba. Sai dai in na cire murhun nan, ji nake kamar na sake raka Maharazu maƙabarta.

Batun sabon murhu da ka ce za ka sa a ƙera a Kano, kada ka soma. Gidan maƙeri a kawo murhu daga Kano? In ya iso, turke zan yi da shi in ɗaure akuya.

Innarka kuwa ta sami abokin faɗa. Kullum tana sababi da Kabo mai itace, wai ya koma saro mata manyan gumagumai da ba sa shiga ƙarƙashin tukunya. Shi kuma yana rantsuwa gatarinsa bai sauya ba. Ni dai ina daga maƙera ina shan dariya. Ta ba direban motar Kongolam daddawa ya miƙa wa abokinka a Kano ya aiko maka. Ta ce Raihana ta shanya ta kafin ta adana.

Mahaifinka,
Mati Maƙeri.

Zuwa ga ɗana Nu'uman,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Kafin komai, kowa lafiya, Innarka lafiya, babu abin da ya faru. Na fara da wannan don kada gabanka ya faɗi.

Yau da la'asar ta kwashe kalwa, ta ce in kama mata tukunya mu kai bakin rijiya. Da na leƙa ciki sai na ga shatin ruwa biyu a jikin ƙarfen. Tsohon ya zagaya daidai. Sabon ya hau sama ta gabas, ya sauka ta yamma. Ruwa ba ya karkata don ra'ayinsa. Na koma wurin murhu na share toka da hannu, sai ga wani dutse an cusa ƙarƙashin zoben ta gabas, wato gefen da take tsayawa. Na tambaye ta. Ta ce ita ta sa, tun waccan daminar, da ta ga tukunya tana sunkuyo mata. Na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce ta san murhun wane ne, ta kuma san mijin da ta aura. Ashe Kabo bawan Allah gaskiya yake rantsewa, itacensa bai ƙara kauri ba, murhun ne ya sauko.

Na fito da shi haske, na goge da yashi da tsumma. Nu'uman, ɗinkin baffanka yana nan kamar yau aka yi shi, jere kamar kitso, ko ƙwarzane babu. Kaurin yatsa daga gefensa kuwa, ƙarfen ya sirance, ga tsaga kamar silin gashi ta kusa zagaye ƙafar. A daidai inda ka faɗa. Kuma ƙarfen nan ni na zaɓo shi. Na sake ƙwanƙwasawa don in ji, ya yi mini ƙara tas, maƙaryacin banza.

Na daɗe zaune da shi a cinya. Ba baƙin ciki na ji ba. Hannun Maharazu ya riƙe tun shekarar husufi bai saki ba, ɗana kuma ya hango abin da ban hango ba, matata ƙafarta lafiya. Mutum ya sami ukun nan rana ɗaya, me zai ce in ba alhamdulillahi ba?

Har yanzu ban yarda da murhun Kano ba, kada ka yi murna. Amma ka rubuto mini irin ƙarfen da ya fi jure wuta da kaurin da kake so, da manyan baƙaƙe yadda Malam Dabo zai gani. Ni zan ƙera, kai ka duba in ka zo.

Gobe in Allah ya kai mu, daga masallaci zan wuce bakin fadama in ɗauko duwatsu uku in kafa mata murhu irin na kakarka kafin ta hura wuta. Daga nan in biya gidan Kabo in ba shi haƙuri, don Innarka ta ce ita ba za ta je ba. Sannan in sa zarto in yanko ɗinkunan nan uku. Ɗaya zan rataye a maƙera. Ɗaya na 'ya'yansa ne. Na ukun naka ne, ka kai wurin aikinku ka sa a injinku na gwada ƙarfe, ka gaya musu sunan wanda ya yi shi.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Mati Maƙeri, Sandamu.